Ƙarfen da Na Sa Tsakanina da Inna

Tun da na dawo daga Nijar kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce ina ƙarfen da ke bayan babur ɗin ya shiga, wancan ya ce wai da gaske ne an tsare mu a kan iyaka, Sabo mai faci kuma yana bi majalisa-majalisa yana cewa a kejin kaji na ɗauki tsohuwa. To ku kasa kunne, sau ɗaya zan faɗa. Wanda bai ƙoshi ba ya je ya tambayi Inna, in ya ga fuskar tambaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Auwalu, ƙauyenmu na gefen Makoda, aikina bin kasuwannin ƙauye ina auno wa wani alhajin Dawanau gero da wake. Saboda wannan yawon na sayi babur ɗin a gwanjo, irin dogon nan na malaman gona, mai tayoyi masu ƙuraje, wanda kwalta da burji da rairayi duk ɗaya ne a wurinsa. Ba shi da nauyi, in ya faɗi ni kaɗai nake ɗaga abina. Ɗan abin da na ƙara masa tun farko bai taka kara ya karya ba: farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda kututturan gona, garkuwar roba a gaban hannuwa saboda ƙaya, kariya a baya don ɗaura buhu, sai wani ɗan faifai da Ɗanlami mai walda ya liƙa a tafin ƙafar da ake kafe shi, don kada ta nutse a yashi. Muna zaman lafiya, ni da shi.

Ana tsakiyar bazara saƙo ya zo daga wani ƙauye can gaba da Magarya, cewa Iya Hansai ta kwanta, jiki ya ƙi daɗi, kuma ba ta da magana sai a kawo mata ƙanwarta. Iya Hansai yayar Inna ce, ciki ɗaya, su biyu suka rage a duniya. Ita ce kuma ta riƙe ni. Ana yaye ni aka miƙa mata, sai da na yi wayo aka dawo da ni gida. Inna in aka rufe ta a mota, ko Dambatta ba a kaiwa sai amai da jiri, ga shi ƙauyen Iya ko motar ma ba ta shiga. Ƙanena Sani da ya saba goyon ta a nasa babur ɗin yana Kudu ci-rani. Aka duba, aka duba, ba kowa sai ni.

To ni ɗan fari ne. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma ta Inna ta fita daban. Uwayen yanzu har hoto suke ɗauka da nasu a waya. Ni kuwa ga furfura ta fara leƙo mini a gemu, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ɗan Yaya" take ce mini, shi ma sai ba na wurin. In na shiga gaishe ta da safe, ƙofa take amsa wa. In tana da magana da ni sai ta gaya wa matata Rabi, in Rabi ba ta nan ta gaya wa akuya, ni kuma in tsinta. Hannunta bai taɓa sauka a jikina ba tun da na san kaina. Ban taɓa cewa uffan ba, tunda haka na tarar, amma in na ce abin ba ya ci mini rai na yi ƙarya.

Na aiki Rabi ta tambayi Inna, ta dawo da amsa tana danne dariya. "Inna ta ce za ta hau. Amma a gaya wa ɗan Yaya ba za ta riƙe shi ba. Wai gara ta faɗo."

Ni ban ga abin dariya ba. Kujerar babur ɗin nan ta kai mini cibiya, tsohuwa in ta faɗo daga can ƙugu ne zai tafi, ƙugun tsohuwa kuwa ban ga mai ɗorin da ya taɓa ɗora shi ba. Ga Iya can tana jira, ba wanda ya san abin da ya rage mata. Dole in kai Inna da ƙashinta lafiya, da wuri, kuma ba tare da ta taɓa ni ba.

Na kai babur wajen Ɗanlami. Da na gama bayani ya ɗage baƙin gilashinsa ya ƙare mini kallo.

"Wato so kake in yi maka abin da za ta riƙe wanda ba kai ba."

"Ka gane."

"Mutumina, na yi ƙofa, na yi amalanke, na yi gadon amarya. Ban taɓa ƙera wa mutum madadinsa ba. Amma kawo, Allah ya ba mu sa'a."

Ya jawo kan wani tsohon gadon ƙarfe ya yanka, ya lanƙwasa shi ya yi baka, ya kafa a tsakiyar kujera, daidai inda bayana ya ƙare. Da noti ya ɗaure, ba da walda ba, don na gaya masa bayan tafiyar ina son babur ɗina ya koma mutum. Ya yi majingini a kan kariya, ya haɗa shi da ƙarfen. Ya faɗaɗa matakan ƙafa na baya har ɗan akuya zai iya kwanciya a kai. Mai ɗinkin kujera ya ƙara soso, bakanike ya sassauta shokoba don bayan ya ɗan sauko. Muka ɗora buhun gero muka zaga filin ƙwallo da shi, buhun bai yi ƙorafi ba.

Da yamma Inna ta fito duba aiki. Ta zaga babur, ko inda nake ba ta kalla ba. Ta auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen da wurin zamana da tafin hannu.

"Rabi, in mai abin ya ja birki, goshina ina zai je?"

Aka koma wajen Ɗanlami. Ya yanko katako fale-fale ya toshe bakan ƙarfen da shi, ya zama allo sosai, sai dai ba a rubuta komai ba. Muna murna an gama, Rabi ta sake tono wata.

"To a hanya wa za ta riƙa gaya wa magana? Ba ni, ba akuya."

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. A ƙarshe ƙararrawar tsohon keken marigayi Baba muka kwance muka ɗaura a jikin ƙarfen. Aka yi yarjejeniya ta bakin Rabi: bugu ɗaya a rage gudu, biyu a tsaya. Liman da ya zo wucewa ya tsaya ya yi ta kallo, ya ce saura labule. Na ce Allah gafarta Malam a yi a hankali, kada ta ji.

Ana idar da sallar asuba aka kifa turmi a gindin babur, Inna ta taka, matan maƙwabta suka tallafa ta haye. Aka rataya ƙullin daddawa da kuka da ƙuli-ƙuli ta ko'ina. Na sa Rabi ta kifa mata hular kwano a kan mayafi. Ta kama ƙarfe da hannu biyu ta ce wa turmin, "To, a yi bisimilla."

Ba mu fita gonakin garinmu ba aka fara. Ƙirrin! Na rage gudu. Ƙirrin-ƙirrin! Na tsaya cak. Shiru. Can na ji ta ce wa wani jaki da ke gefen hanya, "Ko me aka tsaya yi, oho." Ashe ƙawarta ta hango a bakin rijiya, gaisuwa ce. Kun san ƙasarmu, ba ka gama fita wani gari ba ka shiga wani, kuma babu garin da Inna ba ta da wadda suka taɓa haɗuwa a gidan suna. Ta samu abin gaisuwa na zamani. Ni kuma na rasa bambance gaisuwa da umarni. In na tsaya a ce wa ya aike ni, in na share na wuce sai in ji daga bayan allo, "Wasu dai kunnensu ado ne."

Yara suka riƙa bin mu a guje, sun ɗauka mai askirim ne. Kafin Babura wani magidanci ya tsayar da mu da gaskensa, yana tambaya ko wannan ne sabon babur ɗin asibiti na ɗaukar masu naƙuda, don matarsa ta kusa. Wani dattijo kuma a kan keke ya jera da mu, ya leƙa bayan allo, ya jinjina mini kai ya ce, "Madalla da kai, yaro. Kulle har a kan hanya!" Ƙararrawar da Inna ta buga a wurin ba ta cikin yarjejeniya.

Sai kuma maganar sauka. Inna ba ta sauka sai da turmi, ni kuma ba ni da damar miƙa hannu. A Babura da za mu karya kumallo sai da na tsaya a ƙofar wani zaure na yi ta sallama. Maigidan ya fito yana mutsuttsuke ido, na ce aron turmi nake so.

"Turmi? Daka za ka yi?"

"A'a, sauka za a yi."

Ya leƙo ya ga abin da ke waje, bai ƙara tambaya ba, ya koma ya turo matansa biyu da turmin.

Hantsi ya ɗaga muka iso kan iyaka. Namu mutanen suka duba takarda, suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce Allah ya kiyaye hanya. A ɗaya ɓangaren kuwa jandarma ne a gindin wata bishiya, da ganga a tsakiyar hanya. Abin da ya fara ba ni mamaki, sai da ya sara mini kafin ya nemi takarda. Ni tun da nake ban taɓa ganin mai kaki ya sara wa mai awon gero ba, har na waiga in ga ko wani babba ne a bayana. Ya bi takardun babur harafi-harafi, ya durƙusa ya duba lambar da ke jikin inji. Sannan ya nuna bayan allo.

"Wannan tsohuwar fa?"

"Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe."

Ya zaga ya rusuna. "Iya, ina kwana? Wannan ɗanki ne?"

Inna ta dubi gangar ta ce, "Ɗan Yaya ne."

"Yaya sunansa?"

"Ai yana da baki."

"Ke ba ki san sunansa ba?"

"Mutane dai suna kiran sa."

Jandarman ya miƙe, fuskar nan ta sauya. Ku ma ku duba mana: ga ƙato ya ɗauko tsohuwa a tsakanin ƙarafa, ya kare ta da katako, zai ƙetare iyaka da ita, ya ce uwarsa ce, ita ta ce ba haka ba. Ya zare makullin babur ya nuna mini benci. Na rantse, na maimaita. Na ce ranka ya daɗe dubi hancinta ka dubi nawa. Ya ce hanci ba takarda ba ne. Rana tana ta yi, Inna na zaune a sama abinta tana jan carbi, ni kuwa Iya Hansai kawai nake tunawa, ina cewa yanzu in ta cika muna nan ana musu a kan hanci, da wane ido zan dubi kaina.

Ya ɗaga katin shaidata yana dubawa. Sai na ga ya tsaya.

"Auwalu. Kai ne na fari?"

"Ni ne."

Ya cire hula ya zauna kusa da ni a kan bencin, ya yi ajiyar zuciya. "Tawa 'mai kaki' take ce mini. Kafin in shiga aikin nan kuwa 'wancan' ne." Can ya ce, "Wa ya yi maka ƙarfen? Tawa in ta ga ni zan ɗauke ta, a ƙafa take tafiya." Ya tashi ya ɗauki hoton aikin Ɗanlami gaba da baya, ya auna tsayin bakan da igiya ya ƙulle, ya sayo mana ruwan sanyi. Da ya gangarar da gangar za mu wuce, Inna ta ce wa gangar, "Wannan yaron uwarsa ta iya tarbiyya."

A Magarya muka yada zango, gidan Malam Isa tela, ɗan'uwan mijin Iya. Mun shiga da azahar, garin tsit, shaguna a rufe, ko akuya ba ta motsi. Su can rana in ta take kowa kwanciya yake, ba kamar mu da za a soya ƙwai a kanmu muna ciniki ba. Aka kawo fura da ƙanƙara, sannan dambu da zogale wanda ya sha ƙuli, na ci har na ji kunya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ga tauri. Inna ta juya shi ta juya, ta tambayi matar gidan ko na korar kaji ne. Shayinsu kuma a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci, kuma ba ka tashi sai an zagayo sau uku. Hausarsu tamu ce, sai dai inda mu muke tsoma Turanci su Faransanci suke tsomawa, kowa da irin tasa cutar.

'Yan acaɓarsu, da suke kira kabu-kabu, suka yanyame babur ɗin a ƙofar gida. Su buzun rago suke shimfiɗawa a kujera saboda zafi, dabarar da na yi niyyar kwaikwaya. Wani a cikinsu da ya ji inda za mu ya ce in rage iskar tayoyi kafin in shiga rairayi, kuma in cire allon nan, don iskar dajin ba ta da mutunci. Iskar taya na rage. Allo kuwa, aka aika ciki, amsa ta fito cewa allo yana nan daram. A nan ne kuma wani da ya zo cin kasuwa daga ƙauyen ya ce tun jiya Iya ba ta karɓi komai ba sai ruwa. Na kwana a zaure kusa da babur, barcin dai sama-sama.

Da sassafe muka bar kwalta. Nan na san na bar gida. A can sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga ko rumbu ba, daga sawun amalanke sai aduwa da rairayi fari fat. Wanda ya san rairayi ya san gudu yake so, in ka lallaɓa ka nutse. Ni ina buɗe wuta, ƙararrawa na cewa a rage. Ga nauyi duk ya koma baya, tayar gaba sai rawa take kamar ba ta taka ƙasa. Muna hawa wani tudu iska ta taso daga gefe ta daki allon, na ji kamar an kama babur an murɗa. Bai faɗi da ƙarfi ba, a hankali ya kwanta, yadda raƙumi ke durƙusawa. Ni na zame gefe. Inna kuwa ta tafi da shi, tana kwance a kan haƙarƙari tsakanin ƙarfe da majingini, hannu biyu a kan bakan, hula a kanta.

"Innalillahi! Inna!"

Na rarrafa na miƙa mata hannu. Ta dubi hannun, ta runtse ido, ta ce wa tankin mai, "Lafiyata ƙalau. A jira mata su zo wucewa."

Mata! A dajin da ko hankaka babu! Wani abu ya taso mini tun daga ciki wanda ban san yana nan ba. Na juya na fuskanci babur ɗin, tunda shi ne ɗan aiken da ya rage.

"Kai babur, gaya mata yayarta na can ko kunu ba ta iya haɗiya, ita kuma tana nan kwance a rairayi don hannuna ƙazanta ne! Gaya mata ni ba kare ba ne! Gaya mata na gaji, wallahi na gaji!"

Ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba, nan take na ji tsoron Allah ya kama ni. Inji na ta ƙas-ƙas yana hucewa.

"Babur," in ji Inna a hankali, "gaya masa ba ƙyama ba ce. Haka na tarar, ban san wata hanyar ba." Ta ɗan nisa. "Kuma gaya masa salansa na ƙona mini zane."

Na zabura. Na kwance kayan miya na zubar gefe, na ciro sifana na kwance allon na jingina shi da wata aduwa. Sannan na juya baya na kama kan babur da kariya, na yi salati, na ɗaga shi da Inna a ciki. Har yau ban san inda ƙarfin ya fito ba, bayana dai ya sani. Allon yana can na bar wa dajin, kuma ba a aiko kowa ya tambaye ni shi ba.

Mun tarar da Iya da rai, alhamdu lillahi. Ta ƙanƙance, idon ya yi fari, amma kunne na nan. Tun daga tsakar gida ta ji takuna.

"Auwalu! Auwalu na! Zo nan, ɗan banza, sai da na kusa mutuwa za ka zo?"

Ta shafa kaina, ta ja gemuna, ta lalubi kunnena ta murɗe. Ƙato da ni na durƙusa ina kuka. Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, suka riƙe hannun juna. Ranar Iya ta sha kunu a hannun ƙanwarta, washegari har da ɗan tuwo.

Da ta ɗan samu ƙarfi, jikokinta suka ba ta labarin abin da muka zo a kai. Ta ce ita sai ta gani da hannunta. Aka turo babur har ƙofar ɗaki, aka tallafo ta, ta bi ƙarfen da lalube tun daga noti har ƙararrawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, muka tsorata.

Ranar da za mu taho, da hantsi, gida cike da masu sallama, Iya ta ce, "Auwalu, ƙarfen nan nake so. Kullum sai na kira mutum ya tashe ni daga gado. Kafa mini shi a nan in riƙa dafawa. Ƙararrawar ma bar ta, in riƙa kiran waɗannan kuramen."

Wa zai hana? Mara lafiya ce, babba ce, a gaban mutane ta roƙa. Na kwance notoci, na kwance har da majinginin don a jikin ƙarfen yake, na haƙa rami a gefen gado na kafa na daddale. Ta kama ta miƙe da kanta, ta koma ta zauna, ta buga ƙararrawa, yara suka sheƙo. Inna dai ta kasa haƙuri.

"Yaya, ni kuma da me zan riƙe?"

"Kande, Allah ya ba ki abin riƙo tun kafin a ƙera ƙarfen nan. Ni ajiya kika ba ni, na mayar miki, kin ƙi karɓa." Ta juyo da farin idon nan wajen ƙanwarta. "Ni ma 'yar fari ce, ko kin manta? Ranar da Innarmu za ta cika ina zaune a gabanta, bango ta ce ya gaya mini in kula da ke. Har yau ina jin haushin bangon nan. Ku tashi ku tafi, rana na yi."

Aka kifa turmi Inna ta hau. Ta mayar da hannuwa baya ta kama kariya, ta sandare kamar an dasa ta, tsakanina da ita kuwa sai a ajiye ƙwarya. Muka fita gari a haka. Da muka shiga rairayi na farko babur ya yi wata 'yar rawa, na ji ta yi baya kamar za ta tafi. Na rage wuta ina neman inda zan tsaya, don na yanke gara mu kwana a dajin da in kai ta gida a karye.

Sai na ji an kama gefen rigata da yatsu biyu, kamar mai ɗaga tsumma. Ban waiga ba, ko numfashin kirki ban yi ba. Babur ya sake rawa, yatsun suka zama hannu. Ya sake, ɗaya hannun ya zagayo. Hannuwan ƙanana ne, ban taɓa sanin haka suke ba. Muka yi tafiya mai nisa a haka, ba ƙauye, ba jaki, ba kowa da za a aika. Can na ji hular kwano ta dafa bayana.

"Ka rame," in ji ta. "Ba ka cin abinci ne?"

Kai kawai na gyaɗa, ban ma san ko e nake nufi ko a'a ba.

Muna hawa kwaltar Magarya, inda mutane suke, ta saki ta koma wa kariya. Haka muka ƙetare iyaka, haka muka iso Babura. Daga Babura kuwa kun san hanya lafiya lau take, a miƙe, ko makaho ya kawo kansa gida. Ban bi ta ba. Na ratse ta cikin gonaki, na bi tsohuwar hanyar amalanke inda rairayi ya fi zurfi, a hankali, a giya ta biyu. Inna ta fi ni sanin hanyar nan tun ba a haife ni ba, ta kuma san ta fi nisa. Ba ta ce a juya ba.